Gishiri a Na'ura ta Huɗu

Ranar Litinin da safe aka tarar da akwatin ƙananan allunan lantarki da suka faɗi gwaji wayam, a wata masana'antar na'urar taimaka wa ji da ke birnin Oulu. Alluna sittin sun ɓace. Duk daga na'urar gwaji ta huɗu suka fito, wadda Aila Kemppainen ke aiki a kanta. Manaja ya ce in ba a gano gaskiya kafin Juma'a ba, Aila za ta bar aiki.

Tapio Rautio, mai gyaran na'urori, aka ba binciken. Mutum ne da ba ya magana da kowa sai Veikko, mai kwashe allunan da aka ƙi.

Abin da ya dame shi ɗaya ne: wa zai saci lalataccen kaya? Ya duba tarihin awon. Na'urar takan nuna wutar lantarki tana yoyo na kusan minti goma sha biyar, ta ƙi duk allon da aka sa mata, sannan ta koma daidai. Ya canza waya, ya ƙara ɗaure wayar da ke kai wuta ƙasa, bai ga komai ba. Da ya ɗaga murfin alluran da ke taɓa allo, sai ya ga wani farin gari a tsakaninsu. Ya ɗanɗana. Salmiyakki ne, wata alewa mai gishiri da ake sha a garin.

"Aila, kina shan salmiyakki?"

"Da hawan jinin nawa? So kake ka binne ni?"

"Wa ke taɓa na'urar in ba ke ba?"

"Mai shara, amma ba ta da mabuɗin murfi. Sai Veikko. Yakan buɗe ya hure min ƙura, bawan Allah."

"Da bututun iska?"

"Da baki dai."

Tapio ya koma ya hura wa alluran numfashinsa. Awon ya yi tsalle. Ya daɗe a tsaye yana kallon lambar tana sauka a hankali.

Ya sami Veikko a ƙofar baya, yana karkaɗe ƙanƙara daga takalmi.

"Tsoho, yau fuskarka kamar an kai ka jana'iza," in ji Veikko.

"Wutar lantarki ba ta bi ta busasshen gishiri, Veikko. Shi ya sa duk lokacin da na duba nake ganin lafiya. Sai an jiƙa shi da numfashi. Ka hura da alewar a bakinka, na'ura ta ƙi lafiyayyun alluna, su faɗa akwatinka, ka fita da su."

Veikko ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Rabin garin nan na shan alewar."

"Mutum ɗaya ke hurawa."

"To rubuta cewa datti ne. Ba ƙarya ka yi ba, ai datti ne. Shekara ashirin, Tapio. Wa ya zo asibiti da aka yi maka aiki?"

"Kai kaɗai."

"To?"

"Datti ba ya kwashe akwati. Aila za su kora."

"Za ta sami wani aikin. Kai fa, wa za ka samu?"

Tapio ya juya. Ya hau bene zuwa ofishin manaja, ya faɗa masa abin da ya gano.

Ranar Juma'a Aila tana kan kujerarta. Da Tapio ya zo wucewa ta ɗago kai.

"An ce datti ne da ɓarawo. Kai ka gano?"

"Na'urar ce ta faɗa."

"To, madalla," ta ce, ta ci gaba da aikinta.