Faifan da Ya Share Muryar Bitrus

Da safiyar Talata Mama Scholastica ta kawo ƙara: an sace kwamfutar mijinta, marigayi Bitrus, a gidansu na Kudenda.

Sufeto Shekari ya so yin dariya. Wane ɓarawo zai wahala kan kwamfutar zamanin Windows 98?

"Oga, ba ƙarfen nake wa kuka ba," in ji ta. "Waƙoƙin cocin da ya rera suna ciki. Ta daina tashi, amma nan kaɗai muryarsa ta rage."

Dariyar ta koma ciki.

A gidan, ba a ɓalle ƙofa ba. Kan tebur akwai gwangwanin biskit da faifan tayar da kwamfuta guda biyu: fulofi da ya yi fumfuna, da sidi mai sabon shatin yatsu.

Shekari ya dubi 'yar marigayin. "Phoebe, kin taɓa waɗannan?"

"Ni? Ban ma san amfaninsu ba, yallaɓai."

Shekari ya kai faifan wurin Godwin, mai gyaran kwamfuta mafi kusa, a Trikania. Godwin bai ɓoye komai ba.

"Ranar Asabar Phoebe ta zo tana tambaya wanne za ta sa wa kwamfutar. Na ce fulofin tayarwa kawai yake yi, ba ya taɓa abin da ke ciki. Sidin kuwa share komai yake yi, ya mayar da ita sabuwa. Na ce ta kawo mini Litinin, ta ce ai Lahadi ne addu'ar cika shekarar babanta."

Shekari ya koma Kudenda zuciyarsa ba daɗi. Ya sami kwamfutar cikin busasshen duro a bayan kicin, an naɗe ta da zane don kada ruwa ya taɓa ta. Ɓarawo ba ya wannan tattali.

Phoebe ta durƙusa.

"Fulofin ya ƙi, sai na sa sidin. Ya yi wata tambaya, na danna. So nake Mama ta ji muryar Baba ranar Lahadi. Da kwamfutar ta tashi, babu komai. Na kasa faɗa mata."

Da aka kira Godwin, ya duba kwamfutar har sau biyu, ya girgiza kai.

"Taso mu je ki rubuta bayani," in ji Shekari a hankali.

Sun kai ƙofa uwar ta kira ta.

"Phoebe, waƙar nan da yake yi in yana aski, kin tuna farkonta?"

Phoebe ta buɗe baki za ta rera, kuka ne ya fito.