Daɓen Gidan Hedimasta

Ranar da Dogo ya fara ganinta, ƙafarsa ɗaya na cikin taɓo har ƙauri. Ya zo auna tsakar gidan wani tsohon hedimasta ne, wanda ya gaji da yadda ruwa ke kwana masa a ƙofar ɗaki duk damina, ya ce a zuba masa kankare daga bakin ƙofar gida har baranda. Dogo ya taka gefen famfo, ƙasa ta lume da shi. Da ya ja ƙafar, sai ta fito ba takalmi.

Dariya ya ji a bayansa. Wata budurwa ce tsaye a baranda da farar rigar aikin asibiti rataye a hannu, tana ƙoƙarin toshe baki da gefen mayafi.

"Sannu, Injiniya," ta ce. "Ƙasar gidanmu ba ta sakin baƙo sai ta karɓe masa wani abu."

"Ni ba injiniya ba ne, magini ne," ya ce, kansa a sunkuye.

"To, magini, ga buta."

Ita ce autar gidan, kuma Auta kowa ke kiranta. Ta tsaya tana zuba masa ruwa yana wanke ƙafa, shi kuwa ya kasa ɗaga ido ya kalle ta sau biyu.

Shekara tara Dogo ya yi a hannun kawunsa yana koyon gini, kuma wannan ne aikin farko da ya karɓa shi kaɗai. Ya san irin ƙasar unguwar sarai. Laka ce mai danƙo, in ta sha ruwa ta kumbura, in rana ta buge ta ta tsuke ta dare. Kawu bai taɓa zuba kankare a kan irinta ba sai ya kwashe lakar kamu guda, ya cike da jar ƙasa da tsakuwa, an daddaɓe, ya fitar da gangare da kwata. Aikin sati uku ne, ba ragi.

"Kwana goma nake so," in ji Hedimasta. "Babban ɗana zai zo da iyalinsa, ba na son jikokina su tarar da rami. Za ka iya, ko in nemi wani?"

Daidai lokacin Auta ta fito da shayi. Ta ajiye, ta ɗan tsaya tana jiran jin amsarsa.

"Za a yi, Baba," in ji Dogo.

Haka ya kankare saman ƙasar kawai, ya baza yashi ɗan taƙi, ya shimfiɗa rodi, ya zuba kankare. Kwatar kuwa ya ce wa kansa sai an kwana biyu. Ya goge saman daɓen ya yi sumul, har jikokin Hedimasta suka riƙa zamiya a kai da safa. Ranar da ya kwashe kayan aikinsa, saƙo ya shigo wayarsa:

"Na karɓi lambarka a wurin Baba, na ce masa ƙawata ke neman magini. Ba wata ƙawa. Ni ce. Ka isa gida lafiya, Injiniyana?"

Sau bakwai ya karanta kafin ya iya rubuta: "Lafiya lau, Gimbiya. Amma hankalina bai taho ba, yana barandarku."

Daga nan abu ya kankama. Yakan zo da yamma bayan ya tashi daga aiki, ya yi wanka ya sa riga mai guga, su zauna a baranda. Tana ba shi labarin marasa lafiyar da ke tsoron allura, yana ba ta labarin masu gida da ke son bene da kuɗin ɗaki ɗaya. Tana yi masa tsiya wai tsawonsa ya sa ba ya buƙatar tsani.

Umma, mahaifiyarta, ba ta so ba. Akwai ɗan aminiyarta, injiniya na gaske mai takarda da mota, wanda ya daɗe yana aiko gaisuwa.

"Ga mai zana gini, kin tsaya wa mai kwaɓa siminti," in ji ta.

Hedimasta ne ya tsaya wa Dogo. Duk baƙon da ya shigo sai ya buga sandarsa a daɓen ya ce, "Ku dubi aikin yaron nan. Wanda hannunsa ya yi gaskiya haka, ba zai ci amanar 'yata ba."

Duk lokacin da Dogo ya ji wannan, sai ya kawar da kai. Yana hira da Auta, idonsa na bin daɓen yana neman tsaga. Sau uku ya buɗe baki zai gaya mata, sau uku ta yi murmushi ya fasa.

Ruwan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Na uku ya sauko wata Laraba da azahar, ya yi awa uku bai tsagaita ba. Dogo na fake a wani kango sai ga hoto daga Auta. Daɓen ya tsage tun daga famfo har baranda, gefe ɗaya ya ɗago kamar an sa masa ƙafa a ƙarƙashi, ruwa ya juya ya nufi ɗakin Hedimasta. A ƙasan hoton ta rubuta:

"Ka zo don Allah. Ruwa ya shiga ɗakin Baba, littattafansa na shekara talatin duk sun jiƙe. Kada ka damu, na san ba laifinka ba ne."

Ya tarar da gidan cike da maƙwabta, masu tsintsiya da masu bokiti. Injiniyan ma ya zo, ya tattare ƙafar wando, yana ƙwanƙwasa bakin tsagar da makullin mota.

"An ci siminti a aikin nan," ya ce da ƙarfi. "Haka suke yi, a ba su buhu goma su zuba shida."

"A'a," in ji Hedimasta, yana riƙe da wani littafi da ke ɗigar ruwa. "A gabana aka fasa kowane buhu. Yaron nan ba ɓarawo ba ne. Ƙasar ce ba ta da kirki, kowa ya sani."

Auta ma ta ɗaga murya a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. "Wallahi ba ya ha'inci. Ni shaida ce."

Dogo ya ji da ma ƙasar ta buɗe ya shige. An miƙo masa mafita har hannu, abin da ya rage kawai ya gyaɗa kai. Bai gyaɗa ba. Ya karɓi bokiti ya kwashe ruwa har aka gama, ya sulale ba sallama.

Kwana huɗu bai ɗaga wayarta ba. Saƙonni suka taru.

"Injiniyana, maganar mutumin nan ce ta ɓata maka rai? Ni ban kira shi ba, Umma ce."

"Ko gaisuwa ba za ka amsa ba?"

"Umma ta ce ka gudu. Na ce mata ƙarya ne. Kada ka sa in ji kunya."

A rana ta biyar ya tafi wurin Kawu. Ya same shi zaune a kan bulo yana kankare busasshen siminti daga cokalin gini. Kawu ya saurari labarin bai katse shi ba, sannan ya jefo masa tambaya.

"Kamu nawa ka haƙa?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Kwatar fa?"

Ya girgiza kai.

"Ni ban koya maka haka ba," in ji Kawu a hankali. Ya ci gaba da kankare cokalinsa. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi.

Daga can gidan Hedimasta ya wuce. Littattafai na shanye a baranda, shafukansu sun cure. Ya durƙusa a gaban tsohon, Umma na bakin ƙofa, Auta na bayanta.

"Baba, ba ƙasa ba ce. Ni ne. Na san sai an kwashe lakar an yi ciko an fitar da kwata, na san aikin sati uku ne. Na ji kunyar in ce ba zan iya a kwana goma ba, sai na rufe ta haka. Siminti ban taɓa ba, amma na ha'ince ku."

Hedimasta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Daɓe abin banza ne, ana fasawa a sake," ya ce. "Wata huɗu kana zama a kansa, kana cin abincina, ina yabonka a gaban mutane, ka san abin da ke ƙarƙashi ka yi shiru. Wannan ne ya dame ni. Maganarka da Auta a ajiye ta."

"Na ji, Baba. Alfarma ɗaya nake roƙo, a bar ni in gyara da hannuna."

"Gyara. Amma iyakarka tsakar gida."

Da ya ɗaga kai, Auta ta riga ta shige ɗaki. Da yamma saƙonta ya zo:

"Na rantse a gaban unguwa saboda kai. Yau ko shagon bakin layi na kasa zuwa. Da ni ka fara gaya wa, da na taya ka ɗauka. Kada ka amsa, ban shirya ji ba."

Washegari da sassafe ya zo da babbar guduma. Da kansa ya farfasa daɓen da ake ta yabo, maƙwabta na leƙe ta katanga, wasu na faɗin abin da suka ga dama. Ƙarƙashin ya fito fili kowa ya gani, laka ce tsura, baƙa, jiƙe sharkaf. Shi da lebura biyu suka yi ta haƙa suna fitarwa a baro. In ruwa ya sauko ramin ya cika, su kwashe, su jira ƙasa ta tsane. Tafin hannunsa ya faffashe. Kullum Auta na wucewa ta kan katakon da ya gitta mata zuwa ƙofa, ba ta kallonsa.

Injiniyan ya zo sau biyu da mota. A zuwa na biyu Dogo na cikin rami ya ji Auta tana ce masa, "Ka yi haƙuri, Yaya. Fushi nake da shi, ba rabuwa muka yi ba." Digar da yake haƙa da ita ta kusa suɓuce masa.

A kwana na tara Hedimasta ya tsaya a bakin ramin da sandarsa.

"Ina da baƙi ranar Asabar. A zuba kankaren nan jibi."

Dogo ya share gumi. Ya ce, "Ba zai yiwu ba, Baba. Cikon bai zauna ba, kwata ba ta kai titi ba. Sati biyu nan gaba, in ruwa ya bari. In bai bari ba, uku."

"Ko na ce dole?"

"Ko kun ce dole, Baba. Sai dai ku sa wani."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya juya ya shige ɗaki. Ba a jima ba Umma da kanta ta fito da kwanon abinci ta dire a kan bulo.

"Ci, kada ka faɗi mana a rami mu shiga uku," ta ce, fuska a ɗaure. A gefen kwanon akwai man shafawa da bandeji, da 'yar takarda da rubutun Auta:

"Ka wanke hannun kafin ka shafa. Kuma kai wawa ne. Da ka faɗi gaskiya tun farko, da sati uku ka yi a gidanmu ina kawo maka shayi, ba kwana goma ba."

Ya yi dariya, hawaye na zubo masa, leburorin suka yi kamar ba su gani ba.

Kwana ashirin da shida aikin ya ci. Ya raba daɓen gida-gida yadda ko ƙasa ta motsa ba zai tsage ba, ya karkata shi zuwa kwata, ya ja bututu daga indararo har waje. Sati guda bayan ya bushe aka yi ruwan da ya fi na ranar Laraban nan. Hedimasta ya sa kujera a baranda ya zauna yana kallon ruwa na gangarewa salin-alin yana ficewa. Da aka ɗauke, ya kira Dogo a waya da kansa.

"Ka gaya wa kawunka ina son ganinsa."

"Baba, wani abu ya lalace ne?"

"Kai dai ka turo shi. Ko kai za ka nema wa kanka auren?"

Bayan damina aka ɗaura aure. Da aka watse, Hedimasta ya kira su biyun ɗakinsa. Dogo ya durƙusa, har yanzu ba ya iya haɗa ido da shi.

"Ɗago kanka," in ji tsohon. "Sunkuyon ya isa haka. Ni ma ina da nawa laifin, na matsa maka a kan abin da ban sani ba. Ga ta nan, bakinta ya fi nawa kaifi, sai ka yi haƙuri. Duk abin da ya same ku, mai daɗi da marar daɗi, ku fara gaya wa juna kafin kowa ya ji."

Umma ta kama hannun Auta ta sa a cikin nasa.

"Ɗana, na ba ka amana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

"Amin, Umma," suka ce tare. Auta ta matse hannunsa, ya juyo ya dube ta sosai, ido cikin ido, a gaban iyayenta.