Alkawarin Ma'aji a Bakin Ƙofa

A shekara ta uku da hawan Sarkin da ake yi wa laƙabi da Mai Tabo, lokacin da damina ke ban kwana, aka yi wani ruwa mai ƙarfi da ya rushe ganuwar gabas, har akuya na tsallake ta ba wahala. Birnin ƙarami ne, yana ƙarƙashin wani babban sarki da ake kai wa gaisuwa duk shekara. Arzikinsa kuwa a hannun marina yake, domin shuɗin zanensu ne ke janyo fatake.

Ma'ajin garin dattijo ne marar yawan magana, wanda ya riƙe taska tun zamanin mahaifin Sarki. Shi ke karɓar kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi, wato harajin ramukan rini, shi ke kuma fitarwa in an ba da umarni. A wannan shekarar abin da ya shigo kaɗan ne, don ruwa ya zo a makare, ya kuma zo da ɓarna.

Da aka zauna a fada domin rabon abin da ke taska, kowa ya kawo buƙatarsa. Jakadan babban sarki yana kan hanya. Ganuwa tana kwance. Madawaki, shugaban mayaƙa, yana neman dawakai da sulke.

Ma'aji ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Abin da ke taska zai biya gaisuwa, ko ya tayar da ganuwa, amma ba duka biyu ba. Dawakin Madawaki kuwa, ko jelarsu ba zai saya ba."

Wasu suka fara dariya, da suka ga fuskar Sarki suka haɗiye ta.

Madawaki ya ce, "Garin da ke da marina ba ya kukan babu. A sake karɓar kuɗin karofi."

"Sun biya tun kafin shuka," in ji Ma'aji.

"Su sake biya."

Sarki ya tuna da jakadan da ke tafe. Da goyon bayan babban sarki ya karɓe sarauta daga hannun wansa, saboda haka babu abin da yake tsoro kamar gaisuwa ta gaza. Sai ya ce, "Ma'aji, je ka karɓo kafin jakada ya iso."

Umarnin ya yi wa Ma'aji nauyi fiye da yadda fadawa suka zata, domin Sarkin Marina wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tarar da marinar shiru: babu mai motsa baba a rami, babu ƙarar bugu. Wan nasa na zaune a bakin karofi, hannayensa shuɗi har gwiwa.

"A'a, Ma'aji da kansa? Ku shimfiɗa masa tabarma, kada farar rigarsa ta ɗanɗani sana'ar ubansa."

"Yaya, ba wasa ya kawo ni ba."

"Na sani, labarin ya riga ka zuwa. Awakinmu muka sayar muka biya na farko. Na biyun, me za mu sayar? Ka gaya wa Sarkinka, karofi rami ne kawai, kuma ko'ina akwai ƙasa."

Ma'aji ya kai wannan magana fada yadda ya ji ta. Madawaki ya ce barazana ce ta banza, aka tura dogarai suka shiga ƙwace zannuwan mutane daga kan igiya.

Ranar da Sarki ya fita bayan gari tarbar jakada, ya bar Madawaki da tsaron birni, da hantsi matar Ma'aji ta shigo masa a firgice. "Maigida, tashi! Marina sun ɗaure kaya, suna ƙofar yamma, an rufe musu ƙofa!"

Ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. A bakin ƙofa ya iske jakuna da kaya, mata da goyo, tsofaffi a kan shanu. Mayaƙan Madawaki sun jeru sun tare hanya, kowa da mashinsa a miƙe. Samarin marina kuwa sun riƙe sandunan motsa rini, suna matsowa taku bayan taku. Wan Ma'aji na gaba, ƙirjinsa dab da tsinin mashi. Ma'aji ya ga cewa in mutum ɗaya ya yi tuntuɓe, jini zai zuba, kuma babu lokacin aikawa ga Sarki.

Sai ya hau dakalin mai gadin ƙofa, ya ɗaga muryar da ba a san shi da ita ba.

"Ku saurari maganar Sarki! Duk gidan da ya ba da mutum aikin ganuwa, an yafe masa haraji na biyu. Abincin ma'aikata da ladan magina daga taska za su fito!"

Samarin marina suka daina matsowa. Madawaki ya matso da dokinsa ya ce, "Yaushe Sarki ya faɗi haka?"

"In ya dawo ka tambaye shi."

Sarkin Marina ya zo har gindin dakalin, ya rage murya. "Ƙanena, dube ni. Maganar Sarki ce, ko taka ce?"

"Da sunansa na faɗe ta a gaban jama'a, Yaya. Ba ta komawa ciki."

Wan ya dube shi har idanunsa suka kawo ruwa. Sannan ya juya ya ce, "A sauke kaya."

Da la'asar Sarki ya shigo gari tare da jakada, ya tarar mata na guɗa, maza na yi masa kirarin adalci, bai san dalili ba. Sai da ya sauka aka raɗa masa. Ya sa aka kawo Ma'aji.

"Wa ya ba ka bakina?"

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Ɗauka na yi."

"Ka san abin da ya rage na gaisuwa in an ciyar da magina?"

"Rabi. Amma da sun fita, baɗi ko rabin ba za a samu ba. Da an tsayar da su da mashi, da a kan gawa baƙonka zai shigo."

Sarki ya auna maganar. Ya san in ya ƙaryata alkawarin, garin zai watse a gaban jakada. In kuma ya ƙyale mai laifin, gobe kowa zai yi magana da sunansa. Saboda haka ya bar alkawarin a tsaye, ya sa aka tuɓe rawanin Ma'aji, aka kore shi zuwa wani ƙauye, da sharaɗin kada ya sake taka birnin.

Jakada ya karɓi rabin gaisuwa, ya tafi ba sallama. Mutanen gari suka duƙufa kwaɓin ƙasa, maza da mata, har ganuwa ta tashi kafin rani ya ƙare. Da bazara rundunar babban sarki ta iso neman cikon haƙƙinta. Sarkin Marina ya faɗi gaban Sarki yana roƙon a shigo da ƙanensa kafin a rufe ƙofofi. A nan masu ba da labari suka rabu: wasu sun ce an aika manzo amma ya makara, wasu sun ce ba a aika kowa ba.

Rundunar ta kewaye birnin har ruwa ya sauko, ba ta sami mashiga ba. Kafin ta juya ta ƙone ƙauyukan da ke kewaye, kuma tsohon Ma'aji na cikin waɗanda suka rasu. Daga baya aka yi sulhu, aka rage gaisuwa, Mai Tabo ya yi dogon zamani, kuma shi maroƙa ke yabo da gina ganuwa. Mutanen ƙauyukan da aka ƙone kuwa sun daɗe suna ɗora wa Ma'aji alhakin abin da ya same su.

Haka sha'anin mulki yake. Mai sarauta kan yafe wa wanda ya ci dukiyarsa, amma da wuya ya yafe wa wanda ya yi daidai ba da izininsa ba. Allah kaɗai ya san wanda ya fi gaskiya a tsakaninsu. Abin da aka tabbatar shi ne, har Sarkin Marina ya koma ga Mahaliccinsa bai sake bi ta ƙofar fada ba.