Ɗaki Mai Ƙofa Biyu

Malam Philip ya dawo Jiwa hutun Kirsimeti tare da matarsa Christiana, tana da cikin wata bakwai. A da, duk mai zuwa hutu bukkar gidansu yake sauka, kusa da rumbu. Amma Philip ya sha ruwan Kaduna, wai tabarma ta fara sa masa ciwon baya. Sai ya kama ɗaki a sabon masaukin baƙi na bakin hanya, mai rufin kwano.

Ƙofa biyu gare shi, gabas da yamma. Mato, tsohon mai gadi, ya miƙa makullai, ya rage murya.

"Oga, a bar su buɗe sai magariba ta wuce. Kan hanyar mutanen ɓoye aka yi ginin nan. Ko maharba, bukka mai baki biyu suke yi a wurin."

Philip ya yi dariya. Shi da ya biya kuɗin ɗaki mai makulli? Rana na faɗuwa ya datse duka biyun.

Tsuntsaye suka yi tsit. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin, alhali rabon garin da ruwa wata biyu. Sai takun sawaye daga gabas, masu yawa, ba gaggawa.

Suka tsaya a ƙofa.

Aka ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Ƙyauren ya tsage biyu. Wani abu ya ɗaga Philip ya maka shi da bango, hannunsa ya karye ƙaras. Ba ya ganin kowa, amma ɗakin sai cika yake. Suna shigowa, ba wurin fita. Gadon ƙarfe ya lanƙwashe. An matse Christiana a kusurwa, ta rungume cikinta, jini na zuba ta hancinta.

"Philip," ta ce da ƙyar. "Yamma."

Tsoro ya kama shi sosai. Ya ja jiki, ana tattaka bayansa, haƙarƙarinsa na ƙara. Makulli ya suɓuce. Ya laluba. Ya murɗa.

Suka bi ta kansa suka wuce.

Hannun nan bai ƙara miƙewa ba, kuma Philip bai ƙara raina bukkar uwarsa ba. Christiana ta sauka lafiya, aka sa wa yarinya Rosemary. Kowa ya ce an tsira.

Sai da Rosemary ta fara tafiya. Kullum magariba takan je ta ture ƙofa, ta matsa gefe, ta durƙusa, alhali ba a ganin kowa.

"Sannunku da hanya," take cewa.