Kwamfutar da Shumaila Ta Ƙi

Ranar da Tauqeer ya shigo ɗakin shan magani na masaƙar da ke gefen birnin Faisalabad, rungume da laftof, Shumaila ko kujera ba ta ba shi ba. Ita ce nas ɗin ma'aikata, kuma ita aka ce ta zaɓi manhajar da za a riƙa adana bayanan lafiyarsu.

Ya yi ta zuba bayani. Ta ce, "Tambayata ɗaya. Wa zai iya buɗewa?"

"Ke da manaja."

"To tattara kayanka. Duk wanda ƙurar auduga ta taɓa wa huhu, manaja na gani zai sallame shi. Babana ma yana ciki."

Ya tafi, amma fa zuciyarsa ta ƙi bin sa. Da la'asar saƙo ya shigo: "Sista, kin ƙi manhajata. Mai ita fa?"

Ta amsa: "Shi ma ana dubawa."

Tun yana ce mata Sista har ya koma Shumi. Ta kamu sosai, ba ta ɓoye ba.

Da maganar aurensu ta kai gida, mahaifinta Ghulam Sarwar ya ajiye kofin shayi. "Wanda zai kai tarina ofis? Haba, 'yata! Ba da ni ba."

Sai ga labari manaja ya tsallake ta, ya kira Tauqeer su sa hannu. Shumaila ta yi kuka, ta daina ɗaga wayarsa.

Ashe a ofishin cewa Tauqeer ya yi, "Ranka ya daɗe, sai dai a kulle. Nas kaɗai za ta ga ciwon mutum, kai abin da za ka gani kawai shi ne ya iya aiki ko a sauya masa sashe."

Manaja ya kore shi, kamfanin da yake wa aiki ma ya bi da tasa korar. Zaɓi ya dawo hannun Shumaila, ta ɗauki manhajar wani kamfani mai makulli.

Da Ghulam Sarwar ya ji abin da ya faru, da kansa ya aika wa Tauqeer: "Ka turo mahaifiyarka, ta taho da alewar neman aure."

Ranar ɗaurin aure Tauqeer ya sunkuyar da kai. "Baba, har yanzu ban samu aiki ba."

Dattijon ya yi tari, ya dafa kansa. "Na sani, ɗana. Naka ka bayar aka bar min nawa. Ku zo ku ci a gidana. Allah ya yi muku albarka."