Kofi na Bakwai

Gab da magariba Inna ta miƙo min makulli. "Maimuna, je ki zubar da albasar nan ta ɗakin yayarki. Yau kwana arba'in da rasuwarta."

Na fizga na wuce. Ni dama ban iya jira ba.

Yaya Zinariya ɗalibar jami'a ce. Bincikenta a kan gishirin kalsiyam ne, wani farin gari kamar alli. Takan jiƙa shi a kofunan gilashi goma sha biyu, ta ɗora albasa a bakin kowanne. In saiwa ta murɗe ko ta ƙi tsawo, wai alama ce garin zai iya taɓa ƙwayar halitta, abin nan da ɗa ke gada wurin iyaye. Ita ke awo da rula, ni ke karanto mata takardar jikin kofi, tunda bana karatuna ya zauna.

Ranar ƙarshe da muka yi awo, a kofi na bakwai na ƙosa. "Haba Yaya, na gaji! Albasa ce fa, ba guduwa za ta yi ba." Na fice abina. Da safe mota ta buge keke napep ɗin da ta shiga a unguwar Gwallaga.

Na buɗe ɗakin. Ba warin ruɓa. Ƙamshin man gashinta kawai.

Ruwan kofunan tas, kamar yanzu aka zuba.

Na ɗauki na farko na watsar ta taga. Ko bisimilla ban yi ba, ga magariba. Inna ta sha hana ni.

Wani abu ya ja numfashi a bayan tagar.

Sai ƙarar rula a jikin gilashi. Ƙyas. Ƙyas.

"Muna." Ƙasa-ƙasa. Muryarta ce sak. "Karanta min na bakwai."

Na san ba ita ba ce. A gabana aka fita da makararta. Kuma Inna ta ce muryar da ta kira ki da magariba, ba ki ga mai ita ba, kina amsawa kin bi ta ke nan.

Amma wallahi so nake in amsa.

Saiwar kofi na bakwai ta zaro, fara, sanyi ƙalau. Ta nannaɗe min wuyan hannu.

"Ƙanwata, har yanzu kin gaji?"

"Ban gaji ba" ya zo min har haƙora.

Ladanin layinmu ya ɗaga murya.

Saiwar ta sassauta. Na fizge, na yi waje. Kofin ya tarwatse a bayana.

Washegari da rana tsaka Baffa Sabitu ya kwashe sauran. Littafin awon Yaya na kai wa Malama Patience, mai duba aikinta. Ta daɗe tana kallon layi na bakwai, wanda ba komai a kansa, ta ce wata ɗalibar za ta sake gwajin.

Yanzu a gidanmu ni ke yanka albasa, kullum, ba sai an sa ni ba. Inna na cewa na yi hankali. Ba wanda ke tambayar mai yankan albasa me ya sa idonta ke ruwa.