Muryar Hajiya Ɗaso a Cikin Jita

"Lurwanu, muryar wa nake ji a ƙarƙashin kiɗan nan?"

"Na'ura ce, ya Minna. Halas, bar maganar."

Minnatullah ta bar maganar, amma zuciyarta ba ta bari ba. Shekara huɗu ta zauna da surukarta Hajiya Ɗaso a unguwar Hindawiyya ta Makka, ta san yadda tsohuwar ke jan numfashi kafin ta yi tari. Ga shi tana jin wannan numfashin a sabuwar waƙar mijinta, alhali an binne Hajiya tun bara.

Ku bari in gaya muku abin da ita ba ta sani ba. Lurwanu haifaffen Makka ne, direban tasi, wanda ya ƙaunaci jita kamar yadda ake ƙaunar mace. Kiɗan metal yake yi, mai ruri da gurnani. A lokacin ba a yarda a yi shi a fili ba, sai a ɓoye, a gidajen hutu na haya a bayan Jidda. Ya yi shekaru yana yanka yatsunsa a kan tsirkiya, ba wanda ya san sunansa. Wani fasinja ne ya kwatanta masa Zali, wani tsoho da ke zaune can wajen iyakar Harami, cikin duwatsu.

Lurwanu ya je. Ɗakin tsohon ba taga. An rataye ƙahonin akuya suna kallon ƙasa, ga kwano cike da baƙin ruwa da ba ya motsi, ga warin gashi ƙonanne. Zali ya tsoma tsirkiyoyin jitar ɗaya bayan ɗaya. Lurwanu ya tambayi abin da zai biya, tsohon ya ce ba ya karɓar riyal.

"In kana ɗaure tsirkiya, kira sunan wani na gidanka. Ya amsa kawai."

"In ya amsa fa?"

"Sai jitarka ta samu murya."

"Shi kuma?"

"Ka zo neman suna ne ko neman bayani?"

Da ya koma gida, yana ɗaure tsirkiya, ya kira mahaifiyarsa. Daga kicin ta ce na'am, kuma ita ce kalmarta ta ƙarshe a duniya. Likitoci suka ce shanyewar jiki ce. Waƙar da ya saka a intanet, fuskarsa a rufe, ta zagaya ƙasashe. Aka gayyace shi Dubai, aka gayyace shi Turai. Ya ajiye tasi, ya sayi gida mai hawa biyu. Kafin waƙa ta biyu ya kira ƙanensa Sami. Yau Sami yana yawo a unguwar Misfala ba takalmi, yana buɗe baki ga alhazai, ba abin da ke fita.

Kai, son a san ka! Wanda ya sayi ɗaukaka a ɗakin matsafi, da mutanensa yake biya, kuma mai karɓar ba ya cewa ya isa.

Minnatullah ta fara lura. Mijin da ke rera mata waƙa tun suna saurayi da budurwa ya daina haɗa ido da ita. Ba ya ɗaure tsirkiya sai ƙofar ɗakinsa a buɗe. Ta kuma tuna Hajiya da Sami duk kiransa suka amsa kafin bakinsu ya mutu. Wata ranar Juma'a da hantsi tana taje wa 'yarsu Shifa kai, sai ta ji ƙarar tsirkiya tana hawa a hankali, sannan muryarsa, mai taushi irin ta da, ta kira sunan yarinyar.

Shifa ta ɗaga kai za ta amsa. Uwar ta danne mata baki da tafin hannu har yarinyar ta cije ta. Ya sake kira. Tsirkiyar ta tsinke, jini ya ɓalle masa ta kunnuwa biyu, ya fito yana dafa bango, yana kuka, yana ba ta labarin Zali, yana cewa an riga an sanar da ranar fitar waƙar, sau ɗaya kawai, na ƙarshe.

Ta goya yarinyar, ta yafa abaya, hawaye na zuba, don har lokacin tana son sa.

"Zan tafi gidan Baba a unguwar Jarwal. Daga can zan je wa hukuma da sunan mutumin nan da naka, ko da za a sare kanka tare da nasa."